Kazar da Ta Gama Ƙwai, Me Ya Rage Mata a Kanmu?

Maganar da na kawo muku wannan karo ƙarama ce a ido, har ina tsammani waɗansu za su ce Fada ya rasa abin faɗi ne da zai ɓata takarda a kan kaza. Ku yi mini haƙuri ku karanta tukuna, sa'an nan ku yanke hukunci.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimatin bara na shiga kasuwar Bagudo, na tarar an sauke kajin gidan gona, irin jajayen nan da 'yan kasuwa ke kira ol-leya, watau tsofaffin kajin ƙwai waɗanda mai gona ya gama da su. Waɗansu an cusa su cikin kwanduna, waɗansu an ɗaɗɗaure ƙafafunsu an rataye a bayan babur, kai a ƙasa, baki a buɗe saboda zafi da ƙishirwa. Zankonsu ya koɗe ya langaɓe, wuyansu ya tsige, an datse musu baki tun suna 'yan tsaki. Ina tsaye sai ga wata gwauruwa daga cikin matan Zumunta, ta taya biyu ta biya. Na ce mata, "Mama, ashe bana akwai miyar kaza." Ta ce, "A'a, Fada, ba yanzu ba. Dubi yadda suka jigata. Su huta tukuna." Na yi dariya na wuce. Amma tun daga ranar nan maganarta ba ta bar ni na huta ba.

Ya kamata mu fara sanin irin rayuwar da kazar nan ta yi kafin ta iso hannunmu. Yawancin irinsu a kudu ake ƙyanƙyashe su da inji, musamman wajajen Ibadan, a ɗauko su cikin kwalaye suna da kwana ɗaya a duniya. Ba su taɓa ganin uwa ba. In kaza ta kai mako 18 zuwa 20 sai ta fara ƙwai, daga nan kuwa ba hutu, domin an daɗe ana zaɓen iri ana haɗawa har aka samo wadda za ta iya saka ƙwai wajen 300 a shekara guda. Ku gwada da kazarmu ta gida, wadda ke yin 40 zuwa 60, tana tsayawa ta yi kwanci ta yi renon 'ya'ya a tsakani. Kakarsu ta asali kuwa, wadda har yau tana dazuzzukan Asiya, ba ta cika kai ƙwai 20 a shekara ba. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kimanin giram 2 na sinadarin da ke gina ƙashi, in abincinta bai wadatar ba sai jikinta ya zaro shi daga ƙasusuwanta. Shi ya sa kuke ganin tsohuwar kazar ƙwai da saurin karaya. Ana kunna mata fitila har da dare don hasken ya kai awa 16, domin da tsawon haske ne jikin kaza ke sanin lokacin ƙwai. Masu keji kuwa sukan sa uku ko huɗu ko fi a ɗaki ɗaya na waya, inda ba wurin buɗe fiffike, ba ƙasar tono, ba tokar birgima. In ta kai mako 72 ko 80, watau shekara ɗaya da rabi, sai a ce ta tsufa, alhali kuwa kaza tana iya kai shekara biyar ko fiye in an bar ta.

Kada kowa ya ɗauka ina zagin mai gona. Ina da 'yan Ikilisiya masu wannan sana'a, na kuwa san yadda suke kwana da lissafi. Kaza ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a yini. Mai kaji dubu ke nan sai ya zuba buhu huɗu da rabi ko fiye na kilo 25 kowace rana ta Allah, ko sun yi ƙwai ko ba su yi ba. Muddin ƙwai ya ragu har kuɗin kirat bai biya kuɗin buhu ba, to, kowace safiya asara yake tarawa, ga bashi, ga kuɗin makarantar yara. Dole ya sayar, ya kuma kan auna lokacin da Kirsimati ko Salla domin a nan kasuwa take. Babu zunubi cikin wannan lissafi. Sai dai lissafi ne da tambaya ɗaya tak a cikinsa: nawa za ta kawo gobe?

A ƙasar Ingila akwai mutanen da suka ga wannan tambaya ba ta isa ba. A shekarar 2005 wata mata mai suna Jane Howorth, a yankin Devon, ta kafa ƙungiyar da yanzu ake kira British Hen Welfare Trust, aikinta shi ne karɓo kajin da za a kai mayanka daga hannun manoma a raba wa masu son riƙe su a gida. 'Yan sa kai ne ke yin aikin, ba albashi. Su yi sammako su je gona, su kamo kajin ɗaya bayan ɗaya, su duba masu rauni, su yanke musu farce, sa'an nan su miƙa wa iyalan da suka yi rajista. Masu karɓa sukan ba da ɗan abin taimako, da yarjejeniyar cewa ba yanka za su yi ba, kaza za ta zauna har ajalinta ya zo. Har waɗansu suka riƙa saƙa wa tsigaggun 'yan riguna don sanyi, ko da yake masana sun ce babu bukata, gashin zai tsiro da kansa. A shekarar 2024 adadin da suka ceto ya cika miliyan ɗaya, ta cikon miliyan ɗin kuwa Sarki Charles na Uku ne ya karɓe ta, aka kai ta gidansa na Highgrove. A ɗaya gefen kuma, ƙasashen Tarayyar Turai sun hana tsohon kejin nan matsattse tun daga shekarar 2012, wanda rabon kowace kaza a cikinsa bai kai faɗin takardar wasiƙa ɗaya ba.

Da na ba wani dattijo a ƙauye wannan labari bayan Misa, ya yi dariya har ya share hawaye. Ya ce, "Fada, wannan ƙoshi ne. Wanda cikinsa ya cika shi ke ɗinka wa kaza riga." Ban iya ce masa ƙarya yake yi ba. Muna zaune a ƙasar da uwa ke kai yaro asibiti ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, likita ya ce ba magani yake bukata ba sai ƙwai da wake da kifi. Muna zaune a bakin Kwara, inda ambaliya kan shafe shinkafar shekara guda cikin dare ɗaya. Ga talaka, tsohuwar kazar ƙwai ita ce naman da hannunsa ke iya kaiwa, matanmu kuma sun fi son ta a miya domin namanta ba ya narkewa. In na hau bagade na ce a daina yanka ta, na zalunci yaran nan, na kuma koyar da abin da Ikilisiya ba ta koyar ba. Katekisim na Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ya halatta cin dabba da sa ta aiki, ya kuma tsawata wa masu kashe dukiya a kan dabbobi alhali akwai mutanen da suka fi cancantar taimakon. Dattijon nan bai taɓa karanta shi ba, amma ya faɗi rabinsa.

Akwai ma wani abin da mu mazauna bakin iyaka muka fi Turawan sani. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Obasanjo, Nijeriya ta hana shigo da daskararrun kaji. Duk da haka an yi shekara da shekaru jiragen ruwa suna sauke su a tashar Kotono, 'yan fasa-ƙwauri suna ƙetarowa da su, mafi yawa ta kudu, ta Seme da Idiroko. Fasa-ƙwauri irin wannan, na shinkafa da sauran kaya, shi ya sa aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, mutanen Tsamiya da Lolo kuwa ba su manta da wahalar wannan rufewa ba. Cikin kajin ƙanƙarar nan akwai tsofaffin kajin ƙwai na Turai da yawa, waɗanda masu ƙasar ba sa son ci. Ashe ke nan kaɗan ne ake kai wa lambun gida su tsufa cikin gata, sauran kuwa mayanka suke tafiya, waɗansu har su biyo teku su faɗa tukunyarmu. Birtaniya kaɗai tana da kajin ƙwai kusan miliyan 40 a kowane lokaci. Miliyan ɗaya cikin shekara 19 ɗigo ne a kogi.

To, in haka ne, aikin banza 'yan sa kan nan suke yi? Na juya wannan tambaya sau da yawa, ban yarda aikin banza ba ne. Da farko dai, ga kazar da aka ɗauko, ba ruwanta da lissafin miliyoyi: ita ta taka ƙasa, ta sha hantsi, ta yi birgima, abin da aka halicce ta ta yi. Na biyu kuma, wanda ya fi muhimmanci a gare ni, mutumin da ya taɓa riƙe tsigaggiyar kaza a hannunsa, ya ga ta tsaya cik a tsakar gida ba ta san yadda ake tafiya ba, ba zai sake sayen ƙwai da ido rufe ba. Irin waɗannan mutane suna cikin masu matsa wa kantuna da hukumomi a can su sauya yadda ake kiwo, abin da ke shafar kaji masu yawa da ba wanda zai taɓa ceto. Inda na rabu da su shi ne in suka mai da yankan kansa laifi, ko suka ba kaza irin ƙaunar da ta dace da ɗan Adam kaɗai.

Ga sauran rabin da dattijon bai faɗa ba. Wurin nan na Katekisim da ya halatta cin nama, daga sakin layi na 2415 zuwa 2418, shi ne kuma ya ce sa dabba ta sha wuya ba da dalili ba abu ne da ke zubar da mutuncin ɗan Adam. Lokacin da muke makarantar horon firistoci, malaminmu na ilimin halin kirki ya tambaye mu a ƙarƙashin wace doka cikin goma aka ajiye wannan magana. Dukanmu muka ce ta biyar, wadda ta hana kisa. Ya ce mu buɗe mu duba. Sai muka tarar a ƙarƙashin ta bakwai take, wadda ta hana sata. Na daɗe ban gane ba. Daga baya na fahimta: dabba ba tamu ba ce ɗungum, amana ce aka ba mu mu ci moriya cikin iyaka. Wanda ya sayi kaza ya sayi ƙwanta da namanta. Bai sayi izinin barinta da ƙishirwa tun safe har la'asar ba, domin wannan ba ya cikin abin da mai sayarwa ke da ikon sayarwa. Wanda ya ɗauki abin da ba a ba shi ba kuwa, kun san sunansa.

Shari'ar Musa ma cike take da irin wannan iyaka. Ta sa sa da jaki cikin hutun Asabaci tare da mai gida, ta hana ɗaure bakin san da ke sussuka, ta kuma hana wanda ya tsinci sheƙa ya kwashe uwa tare da 'ya'yanta. Mutanen da aka ba waɗannan dokoki makiyaya ne masu yanka da hadaya, ba masu ƙin nama ba. Maƙwabtanmu Musulmi su ma malamansu na koya musu a wasa wuƙa sosai, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata a idon wata. Ba baƙuwar magana na kawo daga Turai ba, ta gida ce muka yi sakaci da ita.

Wani abu kuma da ke taɓa ni. Sa'ad da Ubangijinmu ya dubi Urushalima yana baƙin ciki, da kaza ya kwatanta kansa, mai tattara 'yan tsakinta ƙarƙashin fikafikanta. Kowa a cikinmu ya ga wannan da idonsa, yadda kazar gida ke tasar wa shirwa ko da za ta mutu. Amma jar kazar gona da wuya ta yi kwanci, domin da gangan aka zaɓe wannan hali aka fitar daga irinta, tun da mai kwanci ba ta ƙwai. Mun ƙera kazar da ba za a iya yin wannan misali da ita ba. Ban ce haramun ne ba, ƙwan nan ya ciyar da yara da yawa. Na ce dai wanda ya karɓe wa halitta abu mai girma haka, ba ya kyautu ya hana ta ruwan sha a ranarta ta ƙarshe.

Waliyi Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ba da wani dalili na hana zaluntar dabba: wanda ya saba da shi, hannunsa zai kai ga mutum. Paparoma Fransis a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta ya ƙara da cewa kowace halitta tana da darajarta a gaban Mahalicci ko da ba ta amfane mu ba. Na karɓi duka biyun, amma na Toma ne ya kama ni da laifi. Akwai wani tsohon katekis da ya yi shekaru fiye da talatin yana bin ƙauyuka da keke, yana koya wa mutane addu'a tun kafin a haife ni cikin aikin nan. Idonsa ya mutu, muka sa wani a madadinsa, muka yi masa godiya da turmin atamfa da ambulan. Bayan haka na yi wata takwas ban taka ƙofar gidansa ba, ko da yake hanyar da nake bi zuwa Misa ta ƙauye ta gaban gidan take wucewa. Ban ƙi shi ba. Sunansa ne kawai ya fita daga jerin waɗanda nake bukata. Da gwauruwar nan ta ce "su huta tukuna", shi na tuna, na kuwa ji kunya. Ku duba gidajenku ku gani ko babu irinsa: tsohuwar da aka mayar ɗakin baya tun da ta kasa daka, matar da dangin miji suka daina gaishe ta da fara'a domin haihuwa ta tsaya, ma'aikacin da ya yi ritaya yana jeka-ka-dawo a kan fansho. Kaza ba mutum ba ce, Allah ya kiyaye in daidaita su. Amma tambayar nan ta mai gona, nawa za ta kawo gobe, in ta zauna a zuciya ba ta tsayawa a bakin akurki.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Mai sayarwa ya ajiye kwandon a inuwa, ya sa ruwa a gwangwani, kada ya cusa ashirin inda goma za su shiga. Mai saye ya rungumo ta ko ya sa ta a kwando, ya bar rataye ta kai a ƙasa tun daga kasuwa har gida. Kada a ba yara ita su yi wasa kafin yanka, kada a fara figa tana da sauran rai. Mai gona kuma, in hali ya yi, ya rage cunkoso, ya gwada kiwon ƙasa a kan dusar katako maimakon keji. 

Waɗansu matan Zumunta sun tambaye ni ko za a iya haɗa kuɗi a sayi irin kajin nan in farashi ya sauka, a raba wa gwauraye da masu marayu su riƙe don ƙwai. Ina goyon baya, amma da sharaɗi, domin tausayi ba tare da sani ba yakan jawo asara. Sabuwar kaza dole a ware ta mako biyu ko uku nesa da na gida. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a farkon shekarar 2006, ba ta daina dawowa ba, ga kuma ciwon da ke kwashe kaji lokacin hunturu. Kazar da aka ga tana gyangyaɗi ko zawo kada a saya ko da kyauta ce, in kuma kaji suka fara mutuwa da yawa a gaya wa likitan dabbobi, kada a ci mushe. Sa'an nan a sani kazar gona ba ta iya neman abinci kamar ta gida ba, in aka sake ta haka kawai za ta rame ta daina ƙwai. Tana bukatar dusa da tsaki, da gara ko garin ƙananan kifi, da dakakken ƙashi ko ɓawon makankari. Ba ta san shaho ba, ba ta san muzuru ba, a kwanakin farko ma sai an ɗauke ta da hannu an sa ta a akurki da magariba. Kada kuma a sa ran za ta ƙyanƙyashe 'ya'ya. Wanda ba zai iya waɗannan ba, gara ya yanka a ranar da ya saya, yanka mai sauri, a ci da godiya.

Na san wannan ba irin ceton Ingila ba ne, tun da ƙarshenta dai tukunya. Wani zai ce jinkirta yanka kawai muka yi don mu ƙara tatsar ta. Akwai gaskiya a ciki, ba zan ɓoye ba. Amma wata shida ko shekara guda na tono da rana da inuwar bishiya, ga halittar da ba ta taɓa taka ƙasa ba, ba abin rainawa ba ne, ga shi kuma maraya ya sami ƙwai.

Bayan Ista na biya ta gidan gwauruwar nan, a kan hanyata ta dawowa daga wajen tsohon katekis, wanda yanzu nake kai wa ziyara duk ranar Alhamis. Ɗaya daga cikin kajin ta mutu cikin makon farko, ƙafarta a karye take tun daga kasuwa. Ɗayar kuwa da ƙyar na gane ta: gashi ya rufe wuya, zanko ya miƙe ya yi ja, tana tono a gindin zogale tare da na gida. Mama ta ce takan ba da ƙwai huɗu a mako, jikanta ƙarami ke shanyewa da kunu. Na tambaye ta yaya za a ƙare. Ta ce surukarta na da ciki, in Allah ya sauke ta lafiya, ranar baftisma ita za a yanka. Ta ce, "Ni da kaina zan ba ta ruwa da safe, Fada. Cinya ɗaya kuma taka ce."